Ba Zan Ja Ku Da Nisa Ba

Katin gayyata ya ce ƙarfe goma na safe, saboda haka za a fara sha biyu da rabi. Wannan kowa ya sani, ba mai fushi a kansa. Abin da ke karya mutum a tarukanmu, na ƙaddamar da littafi ne, ko na yaye ɗalibai, ko walimar sauka, shi ne abin da ke biyo baya idan makirfo ya fara yawo daga hannu zuwa hannu. Duk wanda ya saba zama ƙarƙashin rumfar tamfol, a kan farar kujerar roba, ya san mutanen nan, ko da bai san sunayensu ba.

Akwai mai gwaji. An ba shi makirfon da yanzun nan wani ya gama magana da shi lafiya lau, amma shi bai yarda ba. Sai ya ƙwanƙwasa kansa da yatsa, ya hura masa iska, ya ce, "Halo, halo, ana ji na?" Lasifika ta ƙwalla ƙara, yara su toshe kunne. Da ya tabbatar ana ji, sai ya sauke makirfon zuwa cibiyarsa ya shiga bayani, daga nan kuma ba wanda ya sake jin komai.

Bayansa sai sarkin gaisuwa. An ba shi minti biyar, huɗu sun tafi a kan mai girma wane, da mai martaba wane wanda ya samu wakilcin wane, da iyayenmu sarakuna, da malamanmu magada annabawa, da jami'an tsaro, da 'yan jarida. Gaisuwa ba laifi ba ce. A ƙasar Hausa wanda ya tsallake babba bai gaishe shi ba, maganar za ta riga shi isa gida. Amma shi ne mai jawabi na bakwai, kuma shidan da suka gabace shi duk sun gaida mutanen nan da sunayensu da sarautunsu. Yana gab da shiga maganar da ta kawo shi sai ya hango Hakimi, ya ce a yi masa afuwa, ya koma daga farko. Yana da ƙane mai wayo, wanda ke cewa ya tsaya a kan gaisuwar da aka riga aka gabatar, sannan ya sake jero su kaf.

Babban yayansu kuwa shi ne mai cewa, "Ba zan ja ku da nisa ba." Da ka ji wannan, gyara zama. Maganarsa "ɗaya ce zuwa biyu", amma ta ɗayan tana da 'ya'ya, 'ya'yan suna da jikoki. Zai ce "a taƙaice", ya ɗauko tarihin garin tun kafin zuwan Turawa. Zai ce "daga ƙarshe", mutane su fara laluben takalma, sai ya ce "wannan ya tuna mini". Akwai kuma "ƙarshen ƙarshe", akwai "kafin in zauna". Mai gabatarwa ya rubuta 'yar takarda ya lallaɓo ya ajiye masa. Ya ɗaga ta, ya karanta wa jama'a da ƙarfi, "Wai lokacina ya ƙare," ya yi dariya, ya cusa ta a aljihun babbar riga. Ba shi kaɗai ba ne a duniya, yana da manyan dangi. Fidel Castro na Kuba ya shafe awa 4 da minti 29 yana jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, Gaddafi kuma a 2009 aka ba shi minti 15 ya ci fiye da awa ɗaya da rabi. To amma waɗannan ƙasa guda suka ɗauko a ka. Namu mataimakin ma'ajin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Ammar ɗan Yasir da ke nuna tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum. Mutumin namu ya san hadisin sarai. Shi ma yakan kawo shi da bakinsa, ya yi minti ashirin yana sharhi a kai.

Wakili shi tausayi yake ba ni. Mai girma ya so ƙwarai ya zo da kansa, amma wani muhimmin aiki ya taso a Abuja. Takardar jawabin a mota aka miƙa masa, bai taɓa ganin ta ba. Ya kifa kai a kanta, ba ya ɗagowa, yana karantawa da murya ɗaya babu hawa babu sauka. Shafi biyu suka manne, ya tsallaka daga ilimin 'ya'ya mata ya faɗa rijiyar burtsatse, shi bai lura ba, mu ma ba mu lura ba. Idan aka zo batun gudummawa sai ya ce mai gidan zai sanar da tasa nan gaba. Marubucin littafin ya yi murmushin yaƙe, don ya san inda "nan gaba" take.

Sai mai Ingausa. An tara manoma za a yi musu bayanin takin zamani, ya miƙe: "Akshuwali, abin da nake tirayin in ce shi ne, muna da calenjis." Wani dattijo a baya ya ce, "Allah Ya sa alheri ya faɗa." Ba wai ya fi kowa Turanci ba ne. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Turancinsa ya sa ake masa laƙabi da mai muryar zinare, wanda ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Maitama Sule, da ya rasu a 2017, yakan riƙe zaure guda da kowanne daga cikin harsunan biyu, ba takarda a hannunsa, kuma ba ka jin ɗaya ya taka ɗaya. Su sun san wa ke zaune a gabansu kafin su buɗe baki. Shi kuwa mai "akshuwali" da abokan karatunsa yake magana, su kuma ba su zo taron ba.

Mai majigi ba sai an daɗe a kansa ba: ya juya mana ƙeya yana karanta abin da ke jikin bango, aka ɗauke wuta, jawabi ya mutu nan take. Haka ma wanda ke ɗaga hannu lokacin tambayoyi ya ce, "Tawa ba tambaya ba ce, ɗan tsokaci ne." Wannan laccarsa ya zo da ita daga gida, ba a dai sa shi a jadawali ba.

Wanda nake so a cikinsu duka shi ne mai rawar murya. Yaro ne ko yarinya da aka ce su yi magana a madadin ɗalibai. Takarda na karkarwa a hannu, zuciya na dukan uku-uku, miyau ya ƙafe, haka dai tsoro yake yi wa jikin kowa, har waɗanda suka shekara talatin a kan mumbari. Amma ya kwana uku yana maimaita jawabin da ƙarfi a tsakar gida, ya haddace jimlar farko, ya san abu ɗaya da yake son faɗa. Ya ja numfashi, ya sami fuskar malaminsa a cikin jama'a ya kafa mata ido, muryar ta daidaita a hankali. Tsoron nasa daga ganin girman mutane ya fito, shi ya sa bai ɓata musu lokaci ba. Minti uku ya sauka, kuma tafin da aka yi masa ba na "Allah Ya raka taki gona" ba ne.

Saura mutum ɗaya, kuma da shi nake son magana kai tsaye. Malam, kai da aka ce ka rufe taro da addu'a: an ce addu'a, ba a ce ka taƙaita jawaban da aka yi ba, ba a ce ka gyara wa babban baƙo kuskurensa ba. La'asar ta yi, shinkafar da ke cikin robobi ta huce, mata na son komawa gida. Don girman Allah ka yi salati, ka ja mana Fatiha, mu shafa mu tashi.