Kwalin Dabino da Gardamar Bazazzagi

Na san da ku. Tun kafin ku kai ƙarshen layin farko kun taɓe baki: mutum ya je har Saudiyya, maimakon ya ba mu labarin Harami ko ya faɗa mana nawa riyal ta kai, sai ya zo mana da zancen kwali da salatif. To ku gyara zama, yau da ku nake. Na zo da shaida kuma, sai dai Bazazzagi ne. Na san shaidar Bazazzagi a gaban Bakano sai an haɗa da rantsuwa, amma shi Allah Ya haɗa ni da shi ranar.

A Aziziya abin ya faru, can kudancin Riyad, inda babbar kasuwar kayan gwari da 'ya'yan itace take, ga kasuwar tumaki, ga tashar manyan motocin safa masu fita sauran garuruwan ƙasar. Wanda ya san 'Yankaba da Unguwa Uku a Kano, ya ɗauko su ya haɗa wuri guda, ya shimfiɗa musu kwalta, to ya kusa gane wurin. Tun ƙarshen 2024 ma jirgin ƙasa na cikin gari yana sauke mutum a unguwar. Mun sayi dabino Sukkari za mu aika gida, mun durƙusa muna fama da kwali, sai bakina ya ja mini. Na ce wannan kwalin da muke ɗaurewa, takardun mallakar fasaha da ke bayansa sun fi takardun filin wani attajirin yawa.

Mutumina ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Malam, bar wannan tatsuniyan. Kwali kwali ne. Takardan mallakan da kake faɗi, rowa ne kawai Bature ya buga masa hatimi."

Ku yi haƙuri da Hausarsa, a Zazzau har yau ba a raba wa mace da namiji gado a jimla ba. Amma maganar tasa na san ita ce a bakin da yawanku, shi ya sa na kawo ta nan mu baje ta.

Larabawa na ce wa takardar bara'atul ikhtira'i. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Hukuma ta ce: zo ka tona asirin abin da ka ƙera, ka rubuta shi dalla-dalla, ka zana shi yadda duk ɗan sana'ar da ya karanta zai iya yin irinsa, mu kuma mu hana kowa cin kasuwa da shi sai da izininka, har shekara 20. Ranar da wa'adi ya cika, abin ya zama rijiyar bakin hanya, kowa ya zo da gugarsa. Yanzu ku faɗa mini, Alhazai, wane marowaci kuka taɓa gani ya rubuta inda ya binne tukunyar kuɗinsa, ya kai wa hukuma, ya ce ta liƙa a ƙofar fada?

Mu fara da kwalin kansa. Wannan takarda mai lanƙwasa da ke tsakiyarsa, wadda ke hana shi lotsewa, a Ingila aka yi mata rajista a 1856, kuma ba don kaya ba, don ta riƙe dogayen hulunan Turawa kada su sunkuya. Sai a 1871 wani Albert Jones na birnin New York ya karɓi takardar amfani da ita wajen naɗe kwalabe. Ledar nan mai ƙuraje da muka naɗe kwalaben turare da ita, wadda 'ya'yanku ke fasawa da yatsa, ku ma kuna fasawa idan ba kowa, mutum biyu ne, Alfred Fielding da Marc Chavannes, suka haɗa ta a 1957 da nufin adon bangon ɗaki. Ba wanda ya yarda ya liƙa ta a bangonsa. Sai da kamfanin IBM ya nemi abin da zai naɗe kwamfutocinsa da shi sannan ta samu mijin aure.

Abin da na fi so in ba ku shi ne labarin zanen nan na layi-layi, baƙi da fari, da ake liƙa wa kwali a haska shi da na'ura ta yi ƙara. Norman Joseph Woodland ne ya samo shi, kuma ga yadda aka yi: yana zaune a bakin teku a Miami, ya cusa yatsunsa cikin rairayi ya ja su, ya dubi layukan da suka fito, wasu masu kauri wasu sirara, sai ya tuna ɗigo da jan layi na wayar tangarahu. Jama'a, bugun ƙasa fa ke nan. Da a garinmu ya yi, da tuni mata sun kafa layi a ƙofar gidansa suna tambayar wa ya sace ɗankunne. Shi kuwa sai ya tashi ya kakkaɓe wando, shi da abokinsa Bernard Silver suka shigar da takarda a 1949, aka ba su a watan Oktoban 1952.

Kuna jira in ce sun yi kuɗi har sun rasa inda za su sa? Dala 15,000 suka sayar da ita. A lokacin wa'adin Amurka shekara 17 ne, saboda haka ta mutu a 1969, kafin a samu na'ura mai araha da za ta karanta zanen. Ranar 26 ga Yunin 1974 aka fara haska shi a kanti, a garin Troy na jihar Ohio, kan fakitin cingam. Silver bai ma ga ranar ba, ya rasu tun 1963. Ƙanen zanen kuma mai murabba'i, lambar QR da muka biya kuɗin shayi da ita, kamfanin Denso Wave na Japan ne ya fito da shi a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota. Suna da takardarsu a hannu, suka ce ba za su karɓi ko sisi daga mai amfani da shi ba.

Bazazzagi ya ce, "Duk ƙananan abu ne wannan." Na ce to mu je babba.

Kwantena. Ita ce ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Dammam a kan dogo har tashar tudu ta Riyad, ita ce kuma 'yan Kantin Kwari ke kwana suna lissafinta. Malcom McLean, Ba'amurke mai manyan motocin dako, shi ya ga cewa wahalar banza ce a sauke kaya buhu-buhu daga mota, a loda wa jirgi buhu-buhu, a sake saukewa a can. Ranar 26 ga Afrilun 1956 ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a kan wani tsohon jirgin dakon mai, Ideal X, daga Newark zuwa Houston. Lodin tan ɗaya da hannun 'yan dako yana cin kusan dala 6 a lokacin. Da akwati sai ya dawo wajen senti 16. Injiniyansa Keith Tantlinger shi ya ƙera kusurwoyin ƙarfen da makullin da ake murɗawa ya riƙe wannan akwati a kan wancan, har a jera su sama kamar dalar gyaɗa ba tare da teku ta watsar da su ba.

Sai rigima ta taso, domin kowane kamfani da girman akwatinsa da irin makullinsa. Akwatin wannan ba ya zama a jirgin wancan, injin ɗaga kayan wannan tasha ba ya kama na waccan. Aka yi shekaru ana zaman daidaitawa. Abin da ya warware kullin shi ne kamfanin McLean ya saki takardunsa, ya ce kowa ya ƙera irin kusurwar kyauta. Daga nan aka samu ma'auni ɗaya, ƙafa 20 da ƙafa 40, wanda yau kwantenar da aka rufe a Guwanzu za ta hau jirgi, ta sauka Legas, ta hau mota har tashar tudu ta Dala da aka buɗe a Kano a Janairun 2023, ba wanda ya tambaye ta yarenta. Na ce da mutumina, in wannan ce rowa, Allah Ya haɗa mu da marowata.

Ya yi shiru, na zaci na gama da shi. Ashe ya ɓoye sanda a bayansa. Ya ce ya taɓa jin wani kamfani ya yi rajistar rumbun kaya mai shawagi a sama, shi kuma fa?

Nan kam ya kama ni, kuma ku masu taɓe baki na ba ku wannan zagayen. Gaskiya ne. A 2016 Amazon ta samu takardar wani ƙaton balan-balan da zai tsaya ƙafa 45,000 a sararin samaniya cike da kaya, ƙananan jirage marasa matuƙa suna saukowa daga cikinsa suna rabawa gida-gida. Har yau ban ji wanda inuwarsa ta gifta ta kansa ba. Ofisoshin rajista cike suke da irin waɗannan, wasu mafarki ne, wasu kuma shinge ne kawai da manyan kamfanoni ke kafawa a gonar da ba su da niyyar nomawa, don kada maƙwabci ya shiga. Akwai ma wata da Amazon ɗin ta karɓa a Disambar 2013, ta tura maka kaya su kusanto unguwarku tun kafin ka yi oda, bisa hasashen abin da za ka so. Wannan kam da an kawo ƙara gabana da na soke ta, domin iyayenmu mata sun riga su. Wace uwa ce ke jiran ɗanta da ke Riyad ya yi odar kuka da daddawa da yaji? Ji kawai za ka yi an ce wani Alhaji ya sauka da ƙullinka.

To amma tun da mun zo gida, bari mu taɓa inda ke ciwo. Kuna cewa mu ba mu san wannan harka ba. Wa ya ce? Fatake sun yi ƙarnoni suna ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano, tafiyar watanni, a cikin huhu: ganye mai faɗi, yayyafin ruwa daidai gwargwado, a kwance a hanya a tsince wanda ya fara ɓaci a sake ɗaurewa. Wannan ilimin adana kaya ne cikakke. Kantun gishirin Bilma kuwa, da ake zubawa a mazubi ɗaya ya fito girma ɗaya, a san nawa raƙumi ke ɗauka, a yi ciniki da ƙirga ba sai an auna ba, ai tunanin McLean ne tun kafin a haifi kakan McLean. Wa ya fara ɗaura huhu? Wa ya yanke girman kantu? Ku da kuka fi ni sanin tarihi ku ba ni suna ɗaya.

Mu namu tsarin, gwani ya riƙe sirrinsa a ciki. Maƙeri ba ya nuna wa yaronsa haɗin ƙarshe sai ya ga alamar tafiya, wani lokacin kuma tafiyar ta riga alamar. Su marowatan suna rubutawa su ajiye inda kowa zai karanta, mu masu kyauta muna shiga kabari da namu. Wanda ya fito da nasa fili kuwa duniya na gani. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don kayan miya su daɗe ba firji, ya baza ta ƙauyuka, ya ci kyautar Rolex a 2000. Ofisoshin ma ba ɓoyayyu ba ne. Najeriya na da dokar rajistar tun 1970, ofishin na Abuja. Ɗan Maraɗi zai bi ta ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, takarda ɗaya ta kare shi a ƙasashe 17. Saudiyya ta kafa hukumarta ta musamman a 2017. Sai dai a cikinku wa ya taɓa kai musu ko zanen amalanke?

Na ji Hajiya daga can baya tana cewa ita duk wannan bai dame ta ba, direban tasha na kai mata saƙo Kano zuwa Sakkwato da lambar waya kawai, ba layi-layi ba na'ura. Haka ne, ranki ya daɗe, kuma ina girmama wannan amana, ta fi ƙarfin kowace takarda. Ni ma da ita nake aiki. Sai dai ranar da wani direba ya sauke mini buhun shinkafa a garin da ban taɓa zuwa ba, ya kawo mini buhun gawayin wani bawan Allah, na kira shi ya ce ai buhunan ne suka yi kama, ranar na yi marmarin bugun ƙasar Woodland.

A nan Saudiyya ma an rufe ƙofar kwatance. Kowane gini na da adireshin ƙasa, har da gajerensa, harafi huɗu da lamba huɗu, kuma hukumar sufuri ta sanar cewa daga 1 ga Janairun 2026 kamfanonin kai saƙo su daina karɓar ƙunshin da ba ya ɗauke da shi. Mu ma muna da lambar gidan waya mai alƙaluma shida. Duk wanda ya san ta unguwarsu da ka, ya ɗaga hannu. Na ga ba kowa.

Muka gama ɗaure kwali, ya sha salatif har ba a ganin launinsa. Aka miƙo wa mutumina alƙalami ya rubuta inda za a kai. Ina leƙawa ta kafaɗarsa. Ya rubuta sunan ƙaninsa, ya rubuta Zariya, ya rubuta lambar waya. Ya ɗan yi tunani, sai ya ƙara a ƙasa: bayan masallaci, kusa da mai shayi, gidan da akuya yake kwana a ƙofa.

Na ce, "Akuyar in ta tashi fa?"

Ya ce, "Ba ya tashi." Yana faɗa yana fasa ƙurajen ledar da ta rage, ɗaya bayan ɗaya, da babban yatsa.