Bita Ta Ƙare, Shafi Na Nan Jiya I Yau

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ɗan Kurfi mai neman gurbin karatu ya san shafin intanet ba ado ba ne. Amma a yawancin ma'aikatunmu sai a tara masu kula da shafi bita, a raba jaka da kuɗin zama, a ɗauki hoto, a watse. Za a ce ai ilimi ba ya yawa. Haka ne, sai dai lambar sirrin shafin tana hannun jami'in da aka yi wa canjin wurin aiki bara, shugaban da ya sauka kuwa har yau yana murmushi a shafin farko. Ranka ya daɗe, a karɓo lambar tukuna.