Ranar Da Shanun Huɗa Suka Ɗaga Jirgin Kawu

Masuntan Dam ɗin Tomas, wanda ke shiyyar Makoda da Dambatta, filafili suka sani. Madatsar tana cikin waɗanda aka gina a Jihar Kano a shekarun 1970, kuma kwale-kwalen hannu yana isar mai neman tarwaɗa da karfasa. Kawuna ne ya ce shi ya wuce nan. Ya je har Yawuri, a bakin Kogin Kwara, ya sayo tsohon injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, kafinta ya ɗaura masa a gindin jirgi.

Sai da ya sha kallo na ɗan lokaci kafin injin ya fara gurnani, farfela tana juyawa da ƙyar. Aka ɗauko makanike daga Koguna, hedikwatar ƙaramar hukumar Makoda, gwanin babur da injin ban ruwa. Bai taɓa taɓa injin jirgi ba, amma ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Baba, ciwon a ƙasa yake. Sai mun sauke shi."

Irin wannan injin yana kai kilo 70, nauyin duk a kai, ga laka har gwiwa. Kawu ya ce ba a rasa dabara. Aka ja jirgin gindin wata bishiya, aka wurga igiya ta kan reshe, aka ɗaure wuyan injin, ɗaya bakin kuma aka ɗaura wa shanun huɗar maƙwabci. Makanike ya kwance maƙalai biyun da ke riƙe injin da katako. Abin da bai gani ba shi ne notuna biyu da kafinta ya ƙara daga ƙasa, don tsoron ɓarayi. Kawu yana cikin jirgi yana ba da umarni, ni kuma aka ba ni akalar shanu.

Shanu suka ja. Injin ya tashi, jirgi ya bi shi. Gindin kwale-kwale ya nufi sama, kwandon kifi ya gangara, Kawu ya bi kwandon, yana ihun "A tsaya!" Shanun, da suka ji ihu, suka ɗauka ƙaimi ake musu. Da aka tsamo Kawu, hularsa kaɗai ce ba ta sha laka ba, ita ma don ruwa ya tafi da ita ne.

Wani dattijon masunci, Bakabe, da ke gyaran koma a gefe, ya taso. Ya danna wani ɗan ƙarfe, ya ja kan injin gaba, sai ƙafar injin ta fito daga ruwa. Ashe haka aka ƙera shi. Ya cire fin da noti, ya zare farfela, sai ga zaren raga ya nannaɗe sandarta. Zaren ya cinye robar da ke tare ruwa, man giya ya zama fari kamar koko.

"Malam, ai da ka tambaya," in ji shi.

Robar sai a Kano aka samo ta, kuɗinta bai kai rabin na hayar shanu ba. Injin ya tashi lafiya, amma da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 Kawu ya kai shi ɗaki ya lulluɓe da buhu. Da filafili yake fita su yanzu.