Jarumin Kan Tabarma

Matsalata da littattafan yaƙi ita ce suna sa mutum ya manta ko shi wanene. Ni da ke haki idan na hau bene hawa ɗaya, da na buɗe Ganɗoki sai in ji ƙirjina ya buɗe, kafaɗa ta yi faɗi. Tun 1934 Malam Bello Kagara ya sako mana wannan bawan Allah, ya gwabza da Nasara, bai ishe shi ba ya wuce ƙasar aljannu, ɗansa Garba Gagare na biye da shi. Ko sau ɗaya ban ji ya ce bayansa na ciwo ba.

Amma nawa gwanin shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, don mun yi tarayya a abu guda: shi ma ya daɗe a zaune. Gurgu ya tashi, shekara da shekaru bai taka ba, rana ɗaya ƙarfi ya zo masa, ya hau Ƙwalele ya nufi birnin Kib wajen Sarki Waldima. An ce asalinsa Barashe ne, Ilya Muromets, aka naɗa masa rawani. Ni dai har yau ina kan tabarma ina jiran nawa ƙarfin ya iso.

Daren jiya ina tsakiyar fafatawa, maza na faɗuwa, sai wani abu ya yi motsi bayan buhun masara. Uwargida ta ce, "Malam, ɓera ne, tashi mana."

Na ce ta bari in kai ƙarshen babi. Ita ta kashe shi da muciya.