Ƙaramin Aiki Ne

A 1974, a wani kanti a jihar Ohio ta Amurka, na'ura ta fara karanta layukan nan baƙi da fari na jikin kaya, wato barcode. Kayan da aka saya? Cingam.

Yau mai haɗa manhaja yana son zana irinsu, sai ya ɗauko manhajar Zint. Ƙaramin aiki ne, in ji masana. Amma kamar amarya take, ba ta zuwa ita kaɗai. Idan hoton PNG kake so, sai da libpng. Ita kuma libpng ba ta fita sai da zlib.

An haɗa, an buga, an manna a kwalba. Na'ura ta haska, ta yi gum. Ashe tawada ta malala.

Mai kanti ya gyara tabarau, ya danna lambobin nan 13 na ƙarƙashin layukan da yatsa.