Kuɗin Motar Landiri

Ranar Talata na je karɓo babbar rigata wurin mai wanki da guga na unguwarmu a Makarfi, na tarar an sauya allo. An goge "Wanki da Guga", an rangaɗa "Laundry" da jan fenti. Bahon nan dai shi ne, dutsen gugar na gawayi ne, igiyar shanya ko taku ɗaya ba a ƙara mata ba. Kuɗi ne kawai ya ninka.

Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Alhaji, ai yanzu landiri ne."

Haushi ya sa na bi sawun kalmar. Ashe daga bakin Rumawa ta fito, lavare, wato wankewa. Faransawa suka ara, suka kira mai wanki lavandier. Da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, ta bi su ta tsallake ruwa. Can aka tauna ta kamar rake, aka tofar da wasu haruffa, ta koma launder, mace mai wanki kuma laundress. Duk wannan yawo, wanki dai take nufi!

Nan na gane lissafin. Kalma ta taso daga Rum, ta yada zango a Faransa, ta kwana Ingila, ta sauka Legas, ta hau jirgin ƙasa zuwa Zariya, ta ƙaraso nan a bayan motar rake, ni ne kuma mai biyan kuɗin motar. Da ta zarce Ikara sai an ƙara na acaɓa. Mutanen Kudan ku ɗaure aljihu, na ji an gan ta tana cin tsire a Hunkuyi.

Abin da ya fi ci mini rai, laundress ɗin gaskiya tana cikin gida. Shekara ashirin uwargida na durƙushe gaban baho, omo ya cinye mata hannu, ba allo, ba fenti, ladanta "Ina farar rigata?" Ƙato ya yi wanki ɗaya a bakin titi ya zama kamfani. Ranar da ta ji wannan Turancin ta kafa allo a ƙofar ɗakinta, mun shiga uku.

Masu wankin hula kuwa, Allah ya saka musu, ba su sauya suna ba. Ba su kuma ba ni hulata ba. Sati uku ke nan zanna-bukar ɗina na kife a kan gungume tana shan rana, kullum "Alhaji, gobe." Dare ɗaya aka ce wankin hula yake kai mutum, nawa ya doshi sabon wata.