Taya mai aske kanta

Akwai direban da ba ya samun barci sai ya ga tayoyin motarsa sun leƙo waje kamar kafaɗun ɗan dambe. Sai ya sayo sabon wili mai faɗi da ƙyalli, ya biya kuɗi bai juya bayansa ba.

A bayan wilin kuwa maganar take. Akwai lamba da ake bugawa, misali ET45: wato fuskar da ake ɗaure noti ta gota tsakiyar wilin da milimita 45 zuwa waje. Ka sa ET25 mai faɗi iri ɗaya, taya ta fito da milimita 20. Da an haɗu da rami, ko an ɗauki surukai huɗu a baya, bakin bodi ya fara yi mata aski kyauta. Ka haura lambar da yawa, ta shige ciki tana gogar shokazoba, birki ma ya rasa wurin zama.

Tun motar tana gareji, a murɗa sitiyari har ƙurewa, dama da hagu, a zura hannu a ji ko da sauran fili. Wanda ya ƙi, bakanike ba zai yi fushi ba; shi ma yana da kuɗin makarantar yara.